Ta Kunnu Amma Ba Ta Aiki: Matsalar Direba a Cinikin Kwamfuta a Babbar Kasuwar Katsina

A Babbar Kasuwar Katsina da shagunan kayan lantarki da ke sassan birnin, cinikin kwamfutar tafi-da-gidanka ba ya wuce tambayoyi uku zuwa huɗu. Core i nawa ce? Ram ɗinta nawa ne? Batirin awa nawa yake yi? Daga nan sai mai saye ya juya ta, ya duba ko akwai tsaga a jiki, ya ɗan daddanna madannai. Mai shago ya kunna ta, hoto ya bayyana tar, ya ce, "Ga ta nan Malam, lafiyarta ƙalau, yanzu aka zuba mata Windows 11." A yi tayi, a sallama, a biya.

Bayan kwana biyu ko mako guda mai sayen nan yakan dawo da ita a jaka. "Alhaji, ba ta ganin waifai." Wani tasa ba ta magana. Wani ya danna maɓallin rage haske har ya gaji, fuskar tana nan yadda take, tana shanye batir. Ɗalibar da za ta kare aikin bincikenta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta haɗa tata da majigi, bango ya ƙi nuna komai. Amsar da duk suke samu iri ɗaya ce: "Direba ne bai hau ba, Hajiya, bari yaro ya duba miki." Sau da yawa yaron yakan gyara cikin 'yan mintuna. Wani lokaci kuwa ba ta gyaruwa, kuma babu wanda ya faɗa wa mai saye tun farko cewa hakan na iya faruwa.

Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin babbar manhajar kwamfuta, wato Windows ko Linux ko macOS, da kowane ƙarfe da ke cikin na'urar. Katin waifai da nasa, lasifika da nata, haka kyamara, da wurin goga yatsa, da ɓangaren da ke zana hoto a fuska. Ɗan kasuwarmu da ya je Guangzhou sarin kaya ya san matsayin tafinta: ga kuɗi a aljihu, ga kaya a gabansa, amma in tafinta bai zo ba ciniki bai yiwu ba. Haka babbar manhaja take zama da ƙarfen da ba ta da direbansa. Ƙarfen bai lalace ba, ba ta san yadda za ta yi masa magana ba ne kawai.

Kuma direba ba abin wasa ba ne, domin a can cikin zuciyar babbar manhaja yake aiki. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a wannan zurfin, ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 a faɗin duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. In haka ta faru da manyan kamfanoni masu injiniyoyi, sai a auna abin da direban da bai dace ba zai yi wa kwamfutar ɗalibi.

Daga ina hajar take zuwa?

Mafi yawan kwamfutocin da ake sayarwa a Katsina na hannu ne. Daga Turai da Amurka suke shigowa ta tashoshin ruwan Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, wasu su yada zango a Kano kafin su iso nan. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya nuna ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu Najeriya a shekara, fiye da kashi uku cikin huɗu daga tashoshin ƙasashen Tarayyar Turai, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki tun isowarsu.

Waɗanda suke aiki, kaya ne masu ƙwari. HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, duk don ofisoshi aka ƙera su, shi ya sa suke jure ƙurar hunturu da zafin bazara fiye da sababbi masu araha. Sai dai kamfanin da ya yi amfani da su a can yakan goge faifan ajiyarsu ko ya cire shi kafin ya sayar, saboda sirrin aikinsa. Da wannan gogewar ake rasa Windows ɗin da ta zo da ita daga masana'anta, tare da direbobin da aka zaɓa mata. Ta iso Katsina fanko. Yaron shago ya ɗauko filash ɗinsa guda, wanda da shi yake yi wa kowace kwamfuta formatin, tsohuwa da sabuwa, HP da Dell, ya zuba. Abin da ya hau ya hau.

A nan ne aikin yake da wuya fiye da yadda mai saye yake zato. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya na iya bambanta a ciki: wannan katin waifai ɗinta na Intel, waccan na Realtek ko Broadcom ko Atheros, gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta. Ƙari a kan haka, kwamfutar hannu ta sha hannu. An sauya mata fuska, an ciro kati daga wata matacciya an sa mata. Wasu tsofaffin HP da Lenovo ma an ɗaure su ta yadda ba sa karɓar katin waifai sai wanda kamfanin ya yarda da shi, in aka sa wani sai ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Ƙwararren mai gyara ba ya canki-canka. Yakan buɗe Device Manager, ya nemi wurin da alamar motsin rai ta fito cikin ɗorawar kusurwa uku, ya duba lambar shaidar ƙarfen. Lambobi huɗun da ke bin VEN su ne sunan maƙerin: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 10DE Nvidia, 1002 kuwa AMD. Waɗanda ke bin DEV su ke faɗin ainihin samfurin. Da waɗannan zai je shafin HP ko Dell ko Lenovo ya sauko da direban da ya dace. Akwai samari a kasuwannin Arewa da suka haddace lambobin nan ba tare da sun taɓa zama a ajin koyon kwamfuta ba, kuma ilimi ne na gaske da ya cancanci a girmama shi.

Amma wannan hanya tana cin lokaci, tana cin data, tana buƙatar wuta. Direban hoto guda kan kai ɗaruruwan megabait, ita kanta Windows 11 ta haura gigabait 5, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wutar KEDCO kuma ba kullum take nan ba. Saboda haka da yawa suka dogara da wani babban kunshin direbobi da ke yawo daga filash zuwa filash, wanda yake duba kwamfuta ya zuba abin da ya ga ya yi kama. Yakan yi daidai. Yakan kuma zuba direban da ya girmi na'urar ko ya yi mata ƙanƙanta, ya shigo da tarkacen manhajojin da ba a nema ba, in filash ɗin na ɗauke da ƙwayar cuta ya raba wa kowa. Kwamfutar da ke kawo shuɗin allo lokaci-lokaci, ko ta kwanta barci ta ƙi farkawa, sau da yawa daga nan ciwonta ya samo asali.

Wanda aka fi rainawa shi ne direban hoto, domin ko babu shi fuska tana nunawa. Windows tana da wani na wucin gadi, Microsoft Basic Display Adapter, wanda ya isa a ga hoto a shago a yi ciniki. Sai an je gida a tarar haske ba ya raguwa, majigi ba ya kamawa, bidiyo yana sarƙewa, furosesa tana ɗaukar nauyin da ba nata ba. A zafin Afrilu da Mayu na Katsina, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, wannan na nufin fanka ba ta hutawa, batir kuma yana mutuwa da wuri. Mai ita sai ya ɗora laifin a kan batir, ya sayi wani.

Sababbin ma ba su tsira ba. Kwamfutoci da yawa masu furosesar Intel zubi na 11 zuwa sama, in aka zo zuba musu Windows sai ta ce ba ta ga faifan ajiya ba, alhali yana nan lafiya; direban Intel RST ake buƙata a loda tukuna. Wanda bai sani ba sai ya yanke hukunci cewa faifan ya mutu. Akwai kuma masu son tsohuwar Windows 7 saboda sabo, waɗanda ba su san cewa tun daga zubi na 7 na Intel ba a yi mata direbobi a hukumance ba, ita kanta kuma an daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020. Chromebook da ake shigowa da su da araha a tilasta musu Windows, su kam galibi sauti ko madannai ne ke tafiya. MacBook masu furosesar M1, da Apple ya fara fitarwa a Nuwamban 2020, ba sa ɗaukar Windows ta tsohuwar hanyar Boot Camp ko kaɗan.

Ranar 14 ga Oktoba 2025

Duk waɗannan tsofaffin matsaloli ne. Abin da ya sauya lissafi shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, shekara goma bayan fitowarta a Yulin 2015. Kwamfutar da ke kanta ba ta daina aiki ba, amma gyaran tsaro na kyauta da ake turo mata kowane wata ya tsaya. An buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar ƙarin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista da asusun Microsoft, ko dai ta biyan dala 30 ko ta wasu hanyoyi na kyauta da kamfanin ya tanada.

Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito 5 ga Oktoba 2021, ta zo da sharuɗɗa. Ram gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64 ba su ne damuwa ba. Damuwar tana ga ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma shekarun furosesa: a ɓangaren Intel sai zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000, ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. To, dubi kantocin kasuwa. HP Folio 9470m da Dell Latitude E6430 zubi na 3 ne. EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da ThinkPad T460 zubi na 6 ne. Dukansu suna ƙasa da layin. Sai an kai EliteBook 840 G5, Latitude 7490 ko ThinkPad T480 masu zubi na 8 sannan aka shiga.

Wannan ne ya sa tambayar "Core i nawa ce?" ba ta isa ba. Core i7 ta zubi na 3 ta girmi Core i5 ta zubi na 8 da shekara biyar, kuma ta biyun ce ke da sauran kwana. Gane zubi ba wuya: a i5-6300U lambar farko bayan layin, 6, ita ce zubin, i5-8250U zubi na 8, i5-10210U na 10, i5-1135G7 na 11.

Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi. Ofisoshin Turai da Amurka ba za su ci gaba da riƙe na'urar da ba ta samun gyaran tsaro ba, kuma mun san tashoshin da irin wannan kaya ke sauka. Araha za ta zo, kuma ga ɗalibin da kuɗin kwamfuta ya gagara tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, araha alheri ce. Amma ya kamata ya san abin da ya saya.

Domin kuwa ana iya tsallake sharuɗɗan. Manhajar Rufus da ake haɗa filash da ita tana da wurin da za a danna a cire binciken TPM da sauransu, Windows 11 ta hau kan tsohuwar na'ura, kuma sau da yawa ta yi aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Babban sabuntawa na shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa. Maƙeran ƙarfen su ma sun ja baya: a Yulin 2022 Intel ya mayar da direbobin hoto na zubi na 6 zuwa na 10 sahun tsofaffi, waɗanda ba a yi musu sai gyaran da ya zama dole. Fitowar 24H2 ta Windows 11 kuwa ba ta tashi sam a kan furosesa irin Core 2 Duo, kowace dabara aka yi.

Ban ga laifin mai gyaran da ya tsallake sharaɗi don ya tsawaita rayuwar na'ura ba. Inda nake ganin laifi shi ne a tsallake a yi shiru, a nuna wa mai saye Windows 11 a fuska a matsayin shaidar cewa kwamfutar ta zamani ce, a ƙara mata kuɗi a kan haka. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karantar da cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, na fili da na ɓoye, kuma mai saye yana da damar mayarwa in aka ɓoye masa. Tsaga a jikin kwamfuta aibi ne da ido ke gani. Rashin goyon bayan babbar manhaja ya fi shi illa, ga shi ba ya ganuwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana yaudarar mai saye game da ingancin kaya. Na san ribar wannan sana'a ba ta da kauri, kuma kasuwar da gobarar watan Maris na 2021 ta cinye ɗaruruwan shagunanta ba ta buƙatar ƙarin nauyi. Amma faɗin gaskiya a nan jimla ɗaya ce, ba ta cin ko sisi.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu shagunan buga takardu da rajista. Tun da JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ga rajistar NYSC da ta NIN, na'urar ɗaukar zanen yatsa da firinta da sikana sun zama jari. Kowace cikinsu da direbanta take aiki. Tsohuwar firinta irin HP LaserJet 1020, wadda ta yi shekaru tana ciyar da gida, in direbanta ya ƙi hawa sabuwar Windows ana tsakiyar lokacin rajista, asarar ta yini guda ba ƙarama ba ce. Mai irin wannan shago kada ya yarda a sauya masa babbar manhaja sai ya tabbatar kowace na'urarsa tana da direba a can, ya kuma adana kwafinsu a wuri na dabam.

Hanyar Linux

Bayan zama a kan Windows 10 da tsallake sharuɗɗan Windows 11, akwai mafita ta uku da ba a cika jin ta a kasuwa ba. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, kyauta ce, kuma tsarinta game da direba dabam ne: mafi yawansu suna cikin zuciyar manhajar tun asali, ana ci gaba da gyara su ko da maƙerin ƙarfen ya manta da shi. Shi ya sa ThinkPad ko Latitude mai shekara goma, in aka zuba mata Linux Mint ko Ubuntu, galibi waifai da sauti da hoto suke tashi nan take ba tare da an nemo komai ba, kuma ta ci gaba da samun gyaran tsaro. Tsufan da ya zama aibi a Windows 11, a nan yakan zama riba, domin an daɗe da sanin ƙarfen.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 2007 kwamfutocin XO da aka raba wa 'yan makarantar firamare ta Galadima a Abuja da Linux suke aiki, kuma a shekarar ce aka ƙulla cinikin ƙananan kwamfutocin Classmate 17,000 masu ɗauke da Mandriva Linux don makarantun Najeriya.

Linux ma tana da nata cikas. Wasu katunan waifai na Broadcom sai an sauko musu da ƙarin direba, wanda ke nufin a fara haɗa kwamfutar da intanet ta waya ko ta kebul. Katin hoto na Nvidia da wurin goga yatsa na wasu samfura sukan ba da wahala. Babban cikas ɗin ma ba na ƙarfe ba ne: CorelDRAW da masu zane da ɗab'i suka dogara da ita, da AutoCAD ta ɗaliban gine-gine, ba su da fitowar Linux, manhajojin rajista da dama kuma don Windows aka rubuta su. Ga waɗannan Linux ba amsa ba ce. Amma ga malamin makaranta, da ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike a intanet, da mai koyon rubuta manhaja, tsohuwar na'ura mai Linux ta fi aminci a kan wadda aka yi wa dabara ko aka bari ba gyaran tsaro. Ana ma iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, a ga ko komai ya tashi kafin a yanke shawara.

Makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Al-Qalam suna da malamai da ɗakunan kwamfuta da za su iya shirya wa yaran shaguna gajeren horo a kan karanta lambar ƙarfe, sauko da direba daga tushensa, da zuba Linux. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma suna iya amincewa a tsakaninsu cewa a riƙa rubuta zubin furosesa a kan rasit, tare da bayanin ko Windows ɗin da ke ciki ta hau ta hanyarta ko tsallake sharaɗi aka yi.

Kai kuma mai saye, kada ka bar shagon sai ka ga lambar furosesa da idonka a shafin bayanin kwamfutar. Ka sa a buɗe maka Device Manager ka tabbatar babu ɗorawar alama ko ɗaya, kuma a ƙarƙashin hoto sunan Intel ko AMD ko Nvidia ne ya fito. Ka kunna waifai ɗin wayarka ka haɗa, ka saurari sauti ta lasifika da ta abin kunne, ka buɗe kyamara, ka rage haske ka ƙara, ka soka filash a kowace kafa, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka. In aikinka na buƙatar majigi ko firinta, ka nemi a gwada a gabanka. Sannan ka tambayi maigidan kai tsaye ko wannan na'urar tana cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, kuma ka nemi ya rubuta maka amsarsa a kan rasit kafin ka miƙa kuɗinka.